Mabiyiya Biyu a Bokiti Ɗaya

Kun taso kun same ni da farar hula da agogo a ƙirji, daga unguwar Bulpiela har cikin kasuwa ana ce mini Hajiya Matiron, sai kuka ɗauka da hular aka haife ni. Jikokina kuwa in na ce na yi aiki a ƙarƙashin Baturiya sai su kwashe da dariya, wai Kaka ta fara tatsuniya da rana tsaka. Akwai shekara guda da ban taɓa ba ku labarinta yadda take ba. Duk sanda hira ta zo kusa da ita sai in aiki ɗayanku ɗebo ruwa. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara ƙi, kuma duk wanda zai iya ƙaryata ni ya riga ni kwanciya, don haka ba ni da wanda zan ɓuya a bayansa.

Matiron ta ainihi ba ni ba ce. Wata Baturiya ce doguwa, busasshiya, wadda ta zo Tamale tun kafin a haife ni, lokacin da ɗan asibitin matan da na yi koyo a cikinsa bukkoki biyu ne da rijiya ɗaya. Yau ko tubalinsa babu, shaguna ne a wurin, 'yan yalo-yalo, masu keke mai ƙafa uku, suna jiran fasinja daidai inda ɗakin haihuwa yake a da. Sunanta ya gagari bakinmu, muka bar mata abinta, kowa Matiron yake ce mata, wato shugabar nas-nas. Ba miji, ba ɗa, sai wani baƙin keke da take zagaya gari a kai. Da safe takan bi gadaje ɗaya bayan ɗaya tana goga yatsa a ƙarƙashi, in ta ɗago shi da ƙura ranar kin shiga uku. Almakashi a dafa, zare a dafa, farcenmu a duba kamar na 'yan makaranta. Hausarta ta ba da umarni ce kawai, ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, kowa “kai” ne a bakinta. Tsoronta nake ji har cikin hanjina. Amma zan faɗi gaskiya a kanta: kafin ta zo, jariran da aka yanke wa cibiya da tsohuwar aska sukan sandare su mutu kafin ranar suna, a hannunta kuwa abin ya ragu har tsofaffin mata suka lura.

Kakarku Memuna, wadda muke ce wa Mma, ita ce mai wankin asibitin, ta fi shekara ashirin tana yi. Babanmu ya rasu a hanyar fataucin goro ina ƙarama, da wankin nan ta riƙe mu, ni da yayata Fati. Matiron ce ta gan ni wata rana ina ƙoƙarin karanta rubutun jikin kwalba, ta matsa wa Mma lamba sai da aka kai ni makaranta, da na gama kuma ta ɗauke ni koyon aikin nas. Ni ce 'yar unguwarmu ta Zango ta farko da ta sa farar rigar nan. Sauran duk 'yan kudu ne masu zuwa coci. Maƙwabta suka yi ta surutu, wai me ya kai 'yar Musulmi taɓa jikin baƙi. Yaya Fati, wadda a lokacin take aure a gidan wani tela, ba ta da aiki sai tsokanata. Da ta hango ni da yamma sai ta dafe goshi ta langaɓe a kan tabarma, ta ce Nas Adiza ta zo ta taimaka, ciwon son ƙosai ya kama ta. Mma ba ta dariya a kan wannan magana. Abin da take maimaita mini shi ne in riƙe aikin da hannu biyu, don ba za a ba 'yar mai wanki irinsa sau biyu ba.

A makona na farko aka miƙo mini wani bokiti mai murfi, aka ce in kai tanderun ƙona shara da ke bayan asibiti. A hanya na ji nauyinsa ba na auduga ba ne, na ɗaga murfin. Mabiyiya ce, ta matar da ta haihu da safen nan. Na mayar da murfin da sauri. Ku da kuka haihu a manyan asibitoci wataƙila ba za ku gane ba. A wurinmu, mu da Dagomba 'yan asalin garin nan duka, mabiyiya ba shara ba ce. Wanke ta ake yi, a sa a ƙaramar tukunya, a binne a bayan ɗakin uwar, wurin ya zama nan ne tushen yaro. Wasu na cewa in an ƙone ta uwar ba ta ƙara haihuwa, wasu na cewa yaron ba zai taɓa zama wuri ɗaya ba. Na yi karatu, na san abin da littafi ya ce, ban zo yi muku musu a kai ba. Amma ranar ji na yi kamar an ba ni ɗan mutum an ce in jefa a wuta.

Ina isa tanderun na tarar da Mma a tsaye da kwandon wankinta. Ta karɓi bokitin, ta ciro abin, ta naɗe a tsumma mai tsabta, ta ɗaure da wani ɗan ƙyalle da ta yago daga gefen zanin mai jegon, ta sa a ƙwarya, ta tura ƙarƙashin zannuwan gado. Sannan ta watsa tsummokara a wuta don hayaƙi ya tashi. Na tsaya baki buɗe ina kallon uwata kamar ban taɓa ganinta ba.

“Rufe bakinki, ƙuda zai shiga,” in ji ta. “Kina zaton farin takalmin Matiron ne yake kawo mata nan su haihu?”

A ranar na san cewa tun zamanin bukkoki biyu Mma take wannan aiki. A bakin rijiya, ta bayan danga, kullum akwai wata tsohuwa daga dangin mai jego da ke jira. Mma ba ta taɓa karɓar ko goro a kai ba. Dokarta ɗaya ce: kowace mabiyiya ita kaɗai, da ƙyallen zanin uwarta, kada a kuskura a haɗa. Mutanen ƙauye kuma duk kaka sai su zo su ajiye doya da zabi da ƙwai a barandar Matiron, su durƙusa su yi ta godiya. Ita tana ɗauka godiyar jinya ce, ta gyaɗa kai ta sa a dafa wa marasa lafiya. Su kuma a zatonsu mai gida ba ya rasa sanin abin da ke fita daga gidansa, ita ce ke aiko musu. Shekara ashirin ana gode mata a kan abin da ta hana, ba wanda ya sani sai Mma, sai kuma ni.

Wata safiya cikin damina mata biyu suka haihu kusan tare, duka maza. Ɗaya matar wani manomi ce daga ƙauyen Gbalahi, ɗaya matar wani mahauci a Zango. Matiron da kanta ta karɓi haihuwar. Na yi dabara na kawo kwano biyu, sai ta ɗago kai ta harare ni.

“Kai, Adiza, me kwano biyu? Shara ɗaya, bokiti ɗaya. Tafi.”

Na zuba su tare, na fita da gudu cikin ruwan sama, bokitin yana lilo a hannuna. A tanderu Mma ta leƙa, ta ɗago ta dube ni, ta tambaye ni wacce ce ta wa. Na nuna ta sama na ce ta Gbalahi ce. Ta ce na tabbata? Na ce na tabbata. Wallahi ban tabbata ba. Kunya ce ta hana ni in ce wa Mma na karya dokarta tun ban yi wata uku ba, kuma na ce a raina ai nama nama ne, wa zai gane.

Bayan suna da 'yan kwanaki aka dawo da yaron Gbalahi, yana ta kuka, ya ƙi kama nono. Matiron ta duba ta ce ciki ne, ta ba da magani. Ni kuwa ban yarda ba. Duk karatuna ya gudu ya bar ni, abin da nake gani kawai shi ne na binne tushen ɗan mutane a gidan da ba nasu ba. Da yamma muna cin tuwo na faɗa wa Mma. Na so ta mare ni, da na ji sauƙi. Ta ajiye lomar da ke hannunta, ta wanke hannu, ta ce gobe ranar hutunta ce, za ta je Gbalahi ta gaya musu. Na durƙusa na riƙe ƙafarta, na ce in maganar ta kai kunnen Matiron kora ta za a yi. Ta ce ta sani, amma amana mutane suka ba ta, ba za ta kwana da ƙarya a bayan ɗakin wani ba. Da ƙafa ta je, da ƙafa ta dawo, ta biya gidan mahaucin. Shi kuma ya ce abin da aka binne an binne, ba mai tona masa gida, Allah ya san ɗan kowa. Mma ta aika wa mutanen Gbalahi da amsarsa, muka ɗauka magana ta mutu.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Matiron tana zagayen gadaje, sai ga kakan yaron, wani dattijo mai farin gemu, ya zo da mutum biyu. Suka tsuguna a baranda. Ya fara ajiye zabuwa ɗaure da igiya, sannan ya ajiye wata 'yar tukunya, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana manne a jikinta. Ina hango tukunyar na gane abin da ke cikinta. Bayan doguwar gaisuwa ya yi magana da Hausar kasuwa, cikin ladabi, har da murmushi.

“Uwar gida, mun gode. Shekara da shekaru kai na aiko mana abin yaranmu, ba mu taɓa kuka ba. Wannan ɗaya ne ya ɓata hanya. Mahauci ya ƙi mu, amma kai ba zai ƙi ba. Ka sa shi ya tona nasa, mu musanya.”

Matiron ta ji kalmomin, ma'anar ce ba ta shige ta ba. Ta kira ni ta ce in mayar mata da Turanci. Na mayar. Ta sunkuya ta ɗaga murfin tukunyar. Na sha ganin matar nan ta sa hannu cikin abin da zai sa namiji amai ko gezau ba ta yi ba, amma ranar fuskarta ta koma kamar tokar murhu. Ta ce a kira mai wanki.

Mma ta zo, kumfar sabulu har gwiwar hannu. Masu jego sun ɗaɗɗago a gadajensu, nas-nas sun cika ƙofa. Matiron ta ce ba ta yarda da Hausarta a irin wannan magana ba, ni zan yi tafinta. Ta tambaya tun yaushe, Mma ta ce tun bukka biyu. Ta tambaya guda nawa, Mma ta ce duka, in ban da na wasu matan kudu da suka ce ba sa so, su ma da yawansu sukan aiko a ɓoye. Sai Matiron ta zauna a kan matakalar baranda, a ƙasa, da farar rigarta. Ban taɓa ganinta a zaune ba a lokacin aiki, ba wanda ya taɓa gani. Da ta buɗe baki maganar cuta ta yi, wai jini a kwando ɗaya da zannuwan da ake shimfiɗa wa masu ɗanyen jiki, wai shekara ashirin tana dafa zare ashe a banza. Sannan ta yi tambayar da har yau nake jinta. Ta ce in tambayi mai wanki ko 'yarta ta sani. Da bakina na juya na tambayi uwata ko na sani. Mma ta dube ni ido cikin ido.

“Gaya mata yarinya ba ta san komai ba. Ajiye bokiti take yi ta juya, ni nake buɗewa a bayanta. Faɗa mata haka, kada ki ƙara, kada ki rage.”

Ban ƙara ba, ban rage ba. Ina da baki, ina da Turanci, ni kaɗai ce a wurin da za ta iya faɗin gaskiya da harshe biyu, na zaɓi farar rigata. Matiron ta yanke hukunci, ni kuma na mayar da shi Hausa da ƙarfi yadda ta umarta: ki ajiye aiki yau, kada ki sake taka asibitin nan. Masu jegon ba su ji Turancin ba, muryata kawai suka ji. Kafin azahar duk Zango ta ɗauka cewa Adiza ta kori uwarta. Mma ta ɗauraye hannunta a bakin rijiya, ta shanya sauran zannuwan da ta fara, sannan ta tafi gida.

Daga ranar Matiron da kanta take raka bokiti tanderu, ta tsaya har wuta ta cinye. Labari ya zagaya ƙauyuka da sauri. Doya ta daina zuwa baranda, mata ma suka daina zuwa. Muna shimfiɗa gadaje da safe, mu naɗe da yamma ba wanda ya kwanta. Matiron takan tsaya a ƙofa tana duban hanya, ta ce za su dawo in sun ga mutuwa. Yaron Gbalahi kuwa ya warke sarai, mahauci bai tona komai ba, na sha ganin yaron daga baya ya zama ƙato yana sayar da doya. Mma ta koma sayar da koko a bakin titi. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, kullum ita ke goge mini farar rigar da dutsen guga.

Cikin wannan hali cikin Yaya Fati ya tsufa. Uwar mijinta ta rantse jikanta ba zai faɗo a inda ake ƙona mutane ba. Mma ta je ta roƙa, aka ba ta tabarma da ruwa, aka ƙi maganarta. Ni ma na je, na ce zan sato mabiyiyar da hannuna ko da za a kore ni. Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wadda ta kori uwarta ce za a ba amana? Yaya Fati tana daga ɗaki tana yi mini dariya, ta ce in kwantar da hankalina, ita da ta iya cin ƙosai goma ba haihuwa ce za ta gagare ta ba.

Naƙuda ta kama ta da safe, kafin azahar ta haifi mace. Mabiyiya ta ƙi fita. Suka ba ta jiƙo, suka sa ta busa kwalba, suka danna ciki, jini yana ta zuba. Sai bayan la'asar mijin ya yi ta maza ya zo asibiti da gudu. Matiron ba ta yi tambaya ba, ta ɗauki jakarta, ta ce in hau bayan keke. Tsohuwa ce a lokacin, amma ban taɓa ganin an tuƙa keke haka ba. Tun daga bakin lungu muka ji kukan. Mma tana zaune a ƙasa da kan Yaya Fati a cinyarta, ta riga ta rufe mata ido. Matiron ta durƙusa, ta duba, ta ce da ni a hankali da Turanci, aikin 'yan mintoci ne da an kawo ta. Na tsaya riƙe da jakar, ban yi kuka ba, ban iya ba. Jaririyar ita ce Ramatu, wadda kuka taso kuna ce wa Anti.

Bayan addu'ar bakwai na shiga ofishin Matiron ba tare da an kira ni ba. Na ce mata na sani tun makon farko, na ce ƙarya na fassara mata, na ce ni ce na kasa bambance su biyun. Na cire hulata na ajiye a teburinta. Ko kallon hular ba ta yi ba.

“Ni nake rubuta wanda zai ɗauki bokiti kowace rana,” ta ce da Turanci. “Ni kuma na ce ki haɗa su. Na san kin sani tun kafin in tambaya. Na duba na ga mai wanki ana samu ko'ina, nas 'yar gari kuwa ke kaɗai gare ni, sai na karɓi ƙaryar. Na ɗauka mai wanki kawai na kora, ashe yardar mata na kora.”

Ashe mu uku ne muka yi ƙaryar nan a barandar, kowa ya san na kusa da shi ya sani. Ta tura mini hulata. Ta ce daga gobe kowace mabiyiya da kwanonta mai murfi, da sunan uwa a jiki, a miƙa wa dangi ta ƙofar gaba da rana tsaka. Ta ce in je in roƙi Memuna ta dawo, ba wanki ba, ta tsaya a ƙofar ta riƙa miƙawa, don ita mata suka yarda da ita. Karo na farko ke nan da na ji ta kira sunan Mma.

Da gudu na je gida, wauta ta sa na ɗauka albishir nake ɗauke da shi. Na sami Mma a tsakar gida tana yi wa Ramatu wanka a ƙwarya. Na zayyana mata komai, har da cewa na faɗi gaskiya kuma ba a kore ni ba. Ta ci gaba da zuba wa jaririyar ruwa a hankali har na gama. Ta ce in gaya wa Matiron ta gode, amma yanzu tana da reno, ba ta da hannun wani aiki. Na ce to ni ma zan bari, in zauna in taya ta, don ba zan iya sake sa rigar nan ba. A nan ne ta ɗago kai.

“Aikin nan naki ya ci mini 'ya guda, Adiza. Tashi ki koma. Kada ki kuskura ki makara.”

Na tashi na koma. Washegari ni na tsaya a ƙofar gaba da kwanon farko a hannuna.